Ragon da Ya Saura a Turke

Akwai ɗan gutsure a haƙorina na gefen dama, kuma har yau na ƙi zuwa a gyara min. Duk wanda ya tambaya sai in ce masa abincin raguna ne ya yi min, in bar shi da baki buɗe. Ba ƙarya nake yi ba. Sana'ata ke nan, haɗa abincin dabbobi, irin wanda inji ke matsewa ya fito 'yan guntaye masu tauri kamar an kakkarya alli. Masu sana'ar, felet suke ce masa. Mahaifiyata tsakuwa take ce masa, yayana kuwa kashin awaki.

Ni ba na ɗinke bakin buhu sai na ɗauki ƙwara ɗaya na cije. In ta ce ƙas ta rabu biyu, cikinta a bushe, to ta yi. In ta lotsa a ƙarƙashin haƙori, da sauran danshi a ciki, kuma ba za a jima ba buhun zai yi fumfuna. In kuwa ta marmashe ta koma gari, ko dai niƙan bai yi laushi ba, ko ruwan haɗin ya gaza, kuma rago zai busa rabinsa da hanci ya watsar. Akwai na'urar gwaji, na san da ita, na ma taɓa riƙe ta a ofis. Haƙorina bai taɓa jiran a kawo wuta ba.

Gidanmu gidan ma'aikata ne. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, aikin gwamnati ya yi har ya ajiye, ya gina gida a Hayin Banki tun unguwar tana da sauran fili. Yaya darakta ne a wata ma'aikata, yana zaune Malali cikin gidan sama mai santsin ƙasa. Sauran 'yan uwan duk masu rataya katin aiki ne a wuya. Ni ma na rataya nawa, shekara da shekaru ina sashen dabbobi, ban taɓa ko akuya ba, sai fayil. Ran da na gaji, na ajiye aikin, na sayi injin niƙa da na gauraya da na matsewa, na kafa su a bayan gidan Baba, a rumfar da yake ajiye mota da. Na ɗauki wani dattijo Bazamfare da ya san ƙarfe, muna ce masa Baba mai inji. Kullum da safe in hau keke daga gidana a Badarawa, da yamma in koma ina ƙamshin tunkuza da dusa, mijina ya ce shi dai ya saba.

Yaya ne bai saba ba. Da digirinki, in ji shi, ki koma mai dusa? A wurin biki in zai gabatar da ni ga abokansa sai ya ce, “Autarmu ce, tana ma'aikatar gona.” Ni kuma in ɗaga murya in ce, “Na bari, Yallaɓai, abincin raguna nake sayarwa, in kana da bukata.” Sai ya sha kunu har a tashi. Abin da ya sa shan kununsa yake da nauyi shi ne gidan ba a raba shi ba, kuma tun rasuwar Baba maganar Yaya ce magana. Ya ƙyale injina ne kawai don Hajiya mahaifiyarmu ta aika masa cewa a bar yarinya ta nemi abincinta.

Na ce ta aika masa, don Hajiya ba ta magana da shi kai tsaye. Ɗan fari ne. A ƙauyensu can wajen Zariya ta taso, da alkunyarta cikakkiya: ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ko yana zaune a gabanta sai ta juyo ta ce da ni, “Ki ce wa yayanki ya ci abinci.” Mutum da furfurarsa, da direbansa a waje, amma a bakin Hajiya bai wuce yayanki ba.

Girki ya daɗe da barin hannunta, gwiwoyi sun ƙi. Kasuwa ma an daina barinta ta je. Abu ɗaya ya rage mata, kiwon ragon layya. Duk shekara Yaya zai je kara tun da sauran watanni ya sayo raguna biyu ramammu, a ɗaure su a turken tsakar gida, Hajiya ta mai da su abin kallo. Tana yi musu hira, tana yi musu faɗa, ta san wanda ke da haɗama da wanda ke da kunya. Kuma duk shekara Yaya sai ya sake tayar da maganar ya kamata ta koma wurinsa Malali ta huta, wai tsufa ya zo, wai ta fara mantuwa. A gidan nan nasa ko kaza ba ta da wurin tsayawa. Hajiya ba ta taɓa ce masa a'a ba, kayanta ne dai ba su taɓa gama haɗuwa ba.

A shekarar da nake ba da labari layya ta faɗo cikin damina. Na ce wa Yaya bana kada a sayi dusa a kasuwa, ni zan ciyar da ragunan. Ina so ya ga aikina da idonsa, in ga ta inda zai sake ce masa kashin awaki. Ya ce to, yana duba waya.

Na yi haɗin nan kamar zan kai gidan surukai. Masarar da na zaɓa na shinshina ta buhu-buhu, wadda ta ji ruwa na mayar wa mai ita ko da yana rantsuwa. Dusar alkama, tunkuza, ɓawon wake, ɗan gishiri da garin ƙashi. Na sa Baba mai inji ya maimaita niƙa har garin ya daina cizon yatsa. Muka yayyafa ruwan ɗumi daidai yadda in ka dunƙula a hannu zai kama, in ka taɓa shi ya watse. Inji ya matsa shi ta farantin ƙarfe mai huda-huda, ya fito da zafinsa yana sheƙi. Shanya ce wahalar damina. Waje zai bushe ya ruɗe ka, ciki yana nan da ruwansa. Muka baza a kan tamfol cikin rumfa, muka kunna masa fanka, muna juyawa, ina cizo ina tofarwa har ya ce ƙas. Sannan muka tankaɗe garin da ya zube, na ɗinke buhu da hannuna na kai ɗakin Hajiya.

Na ce, “Hajiya, a bushe ake ba su. Gwangwanin nan safe da yamma, ga harawa, ruwa kuma a ajiye musu a gefe.”

Ta juya ƙwara ɗaya a tafin hannu, ta ce, “To, Auta.”

Makonni suka wuce lafiya. Sai wata safiya na sauko daga keke na tarar da Baba mai inji tsaye a ƙofar gida, bai kunna komai ba. Babban ragon, mai haɗamar, yana kwance a turke ciki ya kumbura kamar ganga, ƙafafu a sanƙare. Ko wuƙa ba a samu sa masa ba, mushe ya zama. An riga an buga wa Yaya waya, ya ce yana nan tafe bayan la'asar, kowa ya jira shi.

Ban tsaya jaje ba, ɗakin Hajiya na nufa na buɗe buhun. Na cije daga sama, na zura hannu har gwiwar hannu na cije daga ƙasa. Ƙas, ƙas. Babu fumfuna, babu wari. Na fito ina zagaya turken kamar wadda ta yar da ɗan kunne, sai wani tsami ya daki hancina daga bayan randa. Tsohon daron Hajiya ne, an rufe shi da faifai. Na ɗaga. Abincina ne a ciki, an jiƙa shi da ruwa da kanwa, ya kumbura ya cika daron, kumfa a sama, gefe-gefe ya yi fari da kore. Ba jiƙon jiya ba ne, ba kuma na shekaranjiya ba.

Nan take na gane komai. Tun tana yarinya Hajiya ba ta taɓa ba dabba dusa a bushe ba, sai an kwaɓa da ruwa da kanwa, haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. Sai dai dusa ana kwaɓawa ake bayarwa. Wannan kuwa ta ga yana da tauri, sai ta bar shi ya kwana ya yi laushi, kuma saboda gwiwa ba ta son yawan sunkuyo, sai ta jiƙa mai yawa ta riƙa ɗiba. A zafin damina abinci mai tunkuza ba ya kwana a ruwa ya tashi da mutunci. Mai haɗama ya samu laushi ya cika ciki, ya tafi.

Baba mai inji ya leƙo ta kafaɗata, ya ce, “Hajiya ƙarama, wagga ita ta kashe shi. Ki aje ta, Alhaji ya taho ya gani da ido nai.”

Na ce, “Baba, ba ka ga komai ba.”

“Wallahi na gani. Inji za a hidda muna, kin sani ko?”

Na sani. Na kuma san in Yaya ya ga daron nan, ya samu shaidar da yake nema shekara da shekaru, kuma kafin Juma'a mota za ta zo ta kwashi Hajiya da tabarmarta zuwa Malali, ta ƙare rayuwarta tana kallon titi ta taga. Na ciccibi daron na juye a kwata, na wanke shi tas da soso, na kife a jikin bango. Da na ɗago, Hajiya tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu tana kallona. Raina a ɓace yake da ita, ba zan ɓoye ba. Ji nake kamar in fashe da ihu.

Yaya ya iso da matarsa da yayata mai aikin asibiti, aka zauna a falon Baba. Ya yi jawabi irin na ofis, da na farko da na biyu. Ƙarar inji ta hana maƙwabta sakat, warin tunkuza ya kama labule, gidan mutunci ya koma kasuwar dusa. Yau rago ne, gobe dabbar wani za ta mutu a kai mu gaban hukuma da sunan Baba. Sannan ya ce, “Duk tsawon shekarun nan Hajiya ba ta taɓa rasa ko ɗan akuya ba, sai da kika kawo mata kashin awakinki. Ki kwashe ƙarafanki kafin Sallah.”

Amsar tana kan harshena, har ɗaci take yi min. Hajiya tana gefe kanta a sunkuye, tana jan carbi da sauri fiye da yadda ta saba.

Tashi na yi na shiga ɗakinta, na jawo buhun har tsakiyar falo, na cika hannu na watsa a baki. Ba cizon gwaji ba, tauna ta fushi, ina kallon Yaya ido cikin ido. A nan ne na ji haƙorin ya ce ƙas, ba irin ƙas ɗin da nake so ba, zafi ya harba min har kunne. Ban tsaya ba. Na haɗiye, na kora da ruwan da aka kawo masa.

Na ce, “In guba ce, Yaya, ka aika a sayo likkafani.”

Yayata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Matar Yaya tana ta “Subhanallahi, Anti, ki tofar.”

Na ce, “Ga rago ɗaya ya saura. Daga yau har Sallah ba zai ci komai ba sai abin da ke cikin buhun nan da harawa. In ya yi ko tari, ni da kaina zan kwance injin in kai wa 'yan gwangwan. In kuwa ya kai Sallah, ban ƙara son jin maganar ƙarafa.”

Ya ce taurin kaina tun ina zanen goyo yake. Amma ya yarda, don ya tabbata shi zai yi nasara.

Kafin magariba labari ya karaɗe unguwa. Matan da ke aiko yara sayen mudu-mudu suka ɗauke ƙafa. Wani mai kiwo a Kawo ya dawo min da buhunsa ko kwancewa bai yi ba. A Badarawa na ji da kunnena ana cewa wai takin zamani nake zubawa don ya yi sheƙi. Wata ta tare ni a bakin famfo tana yi min jaje da murmushi a gefen baki, na ce mata ta gaishe da mutan gida. Ban yi wa kowa bayani ba. Bayanin yana kife a jikin bango, kuma ba nasu ba ne.

Baba mai inji ya ɗauka ni zan karɓi ciyar da ragon. Da ya ji na ce Hajiya ce za ta ci gaba, sai ya cire hula ya mayar. “Kin ko san abin da kika yi? Za ta koma jiƙawa, mu dukanmu mu tashi.” Na ce ragonta ne. In na ƙwace gwangwanin daga hannunta, me ya raba ni da Yaya?

Washegari na auna abincin a bushe, na kai mata har inda take zaune, na ɗora a cinyarta. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, “Auta, haƙoransa nake ji. Ni ko gyaɗa ban iya taunawa yanzu, sai an daka min. Ya zan miƙa wa bawan Allah tsakuwa?”

Duk fushin da na kwana da shi sai ya sulale. Da bakinta take auna bakin rago. Na kama hannunta na tayar da ita, muka taka a hankali har turke. Na ce ta zuba. Ta zuba. Ragon ya shinshina, ya sa baki.

Na ce, “Hajiya, ki saurara.”

Gurus, gurus, gurus. Ya cinye, ya lashe kwanon, ya juya ya sha ruwa, ya ɗago yana kallonta ko da ƙari. Hajiya ta tsaya dafe da kafaɗata har ya gama.

Ta ce, “Ashe yana iyawa.”

Iyakar abin da muka ce ke nan. Ba ta ambaci wanda ya mutu ba, ni ma ban ambata ba. Amma kullum na shigo, kafin in gaishe ta, idona yana kan bango. Daron yana nan a kife, ruwan sama yana fallatsa masa laka. Sau ɗaya na kama ta riƙe da buta a kan kwanon ragon. Muka haɗa ido, ta ce wai hannu za ta wanke, ta matsa gefe ta wanke hannun da babu komai a jikinsa.

Ragon ya ci gaba da cika. Gashinsa ya kwanta, wuya ya yi kauri, igiyar da ake ɗaure shi da ita sai da aka ƙara mata tsawo. Na riƙa barin ƙofar gida a buɗe da gangan lokacin cin abincinsa, masu wucewa su ji gurus ɗin da kunnensu.

Ranar Sallah bayan an sauko Idi Yaya ya shigo da iyalinsa da mahaucin da zai yi fiɗa. Gida ya cika, 'yan uwa da jikoki. Ya zagaya ragon, ya shafa bayansa, ya danna gindin wutsiya da yatsa. Na tsaya a bakin rumfar inji da sabon leshina, hannu a ƙugu, ina jiran abin da zai ce.

Ya juya wajen Hajiya yana murmushi, ya ce, “Hajiya, hannunki akwai albarka. Ko me aka ba ki sai kin mai da shi kitse.”

Jama'a suka yi dariya. Wato in rago ya mutu nawa ne, in ya yi ƙiba na Hajiya ne. Na cije leɓe, harshena ya taɓa gutsuren haƙorin, na ce a raina ba komai, inji dai ba ya fita.

Sai na ji Hajiya ta ce, “Kai.”

Ba ni take kallo ba. Shi take kallo, a fuska, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Ta ce, “Wanda ya mutu shi ne na hannuna. Ni na jiƙa abincin na bar shi ya lalace, na ba shi. Yarinyar nan ta gani, ta wanke daro ta rufa min asiri, ka zage ta a gabana. Wannan da kake shafawa na Auta ne.” Ta gyara zaman mayafinta. “Kuma ba inda za ni. Baɗi ma ka kawo min raguna.”

Yaya ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar, sannan ya tambayi mahauci ko wuƙar ta ji washi. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Da yamma dai cinya guda aka kai gidana Badarawa, aka ce in ji shi. Daga baya matarsa ta kira ni wai ta san wani likitan haƙori mai kyau, na ce ta gaishe min da shi.

Ana gama hutun Sallah na sa Baba mai inji ya kunna komai a lokaci ɗaya, na niƙa da na gauraya da na matsewa, har kwanon rufi yana rawa. Da shanyar farko ta bushe na ɗauko allura zan ɗinke buhu, sai na ji muryar Hajiya daga ƙofar ɗakinta, tana ƙoƙarin fin ƙarar inji.

“Auta! Kin cije?”

Na ce, “Na cije, Hajiya.”

Ta ce, “To kawo min gwangwani ɗaya, akwai ɗan akuyar maƙwabta da nake ganin ya rame.”